Ranar Fasa Dila

Ran Talata na yanke igiyar dila
a rumfata, can ƙuryar Kasuwar Barci.
Warin jirgin ruwa ne ya fara fita,
sannan tufafin da wasu suka gama yi wa gumi.
Na ce wa yarona Tanimu: zazzage,
kayan wasanni ne, mu ga rabonmu.

Rigunan ƙwallon ƙafa ba su ga azahar ba.
Ja da shuɗi, mai lamba goma, mai tabon maiƙo,
samarin Tudun Wada sun yi musu wawaso
kamar an watsa wa kaji tsaba.
Wani ya zura tasa tun bai karɓi canji ba.

Sai abin da ya kwanta a gindin buhu.
Nan karatuna ya soma,
ni da ban taɓa ƙetare iyakar ƙasa ba.

Ga wata riga, faɗinta ya ci mutum biyu.
Tanimu ya duba waya, ya ce: Baba, a garinsu
ruwa ne ke daskarewa ya zama fili,
su ɗaura wuƙaƙe a tafin ƙafa,
su bi ɗan baƙin faifai da sanda,
gari ya watse, kowa ya tafi kallo.
Na aika tunanina bakin kogin Kaduna,
na tarar da kada yana dariya.
Mu ƙanƙara a leda muka san ta, da azumi,
ita ma sai ka yi sauri kafin ka isa gida.

Ga farin wando fes, da jan tabo a cinya,
wai na 'yan kurket ne, can wajen Indiya.
Wasa guda su kwana biyar a kansa,
su tashi shan shayi, su dawo,
ƙarshe a ce ba wanda ya ci.
Na ce: wannan ai shari'ar gona ce, ba wasa ba.

Ga ƙwallo mai siffar gwanda,
ka buga ta gabas, ta nufi kudu.
Yaran layinmu sun ara da la'asar,
kafin magariba suka maido: Baba, ta lalace.
Lafiyarta lau, 'ya'yana. A ƙasarsu
rungumar ta ake kamar jinjiri,
ka ruga, ƙarti goma na bin ƙeyarka.

To amma Kaduna ba ta barin kaya ya kwana banza.
Tabaran masu sulu a kan tudun ƙanƙara,
Jatau mai walda ya tafi da shi Panteka.
Safar fata mai faɗin faranti
da ake cafe ƙwallo da ita a Amurka,
Lantana mai ƙosai ke sauke kasko da ita.
Matashin ƙwaurin 'yan kurket,
Bulus ya ɗaura don zafin salansa.
Rigar mutum biyu kuwa, maigadin layinmu
a ciki yake kwana in ruwa ya sauko,
da tamanin da takwas a gadon bayansa
da sunan wani da bai iya faɗa ba.

Da dare ina ƙirga ciniki sai na ce:
da mu za a ce mu ɗaure dila mu aika musu,
me za mu zuba?
Zaren da ɗan dambe ke naɗe hannu.
'Ya'yan dara, tsakuwa da guntun kara.
Langa fa? Me za ka cusa a buhu?
Ƙafa ɗaya ce da farin wata.
Wani ɗan gwanjo can zai kwance,
ya juya zaren, ya shinshina,
ya kira yaronsa ya duba waya,
ƙarshe matarsa ta shanya wanki a kai.

Saura ƙwallon gwanda, tana nan a rataye,
wata uku ba wanda ya taya.
Tanimu ya ce a karya mata kuɗi.
Na ce ƙyale ta.
A garinsu dubbai sun tashi tsaye dominta.
Baƙuwa ce, ta sha hanya,
ba a yi wa baƙo gwanjo sau biyu.