Hannun Nazifi

Ni na fara ganewa, don ni nake zaune kusa da shi.
Shekara shida yana gefena a zauren nan na Ƙofar Kibo,
yaron da ke fitar da aska takwas a gaban riga
kamar da alƙalami ya zana,
sai ga shi wata Talata zare ya ƙi shiga kafar allura.
Ya lasa, ya murza, ya sake gwadawa,
yatsu na kaɗawa kamar ganyen darbejiya.
Na ce rashin barci ne.
Kaina na yi wa ƙarya, kuma na sani.

Can bayan ganuwa, inda ruwa ya cinye ƙasa,
akwai ƙananan kwalabe da fankon ƙwaya,
yara na tsinta suna busawa kamar usur.
Kowa ya san masu zama wurin bayan isha'i,
kowa ya san ɗan gidan wa da wa,
amma mun ɗinke bakinmu da kunya,
ɗinkin da ya fi nawa ƙarfi.

Muka ce ya lalace.
Wani ya ce iska ce, a nemo turare.
Wani ya ce a sa masa mari.
Ba wanda ya tambayi rabonsa da runtsawa
tun ranar da tirela ta bi ta kan yayansa a Kwangila,
shi ya tsinto takalman daga kwalta,
ya kawo gida, ya jera su a bakin ƙofa, bai yi kuka ba.
Muka yaba masa. Muka ce namiji.

Iya Ladidi mai ƙosai ce ta fasa shirun.
Ta ajiye matsami, ta faɗo zaure ko sallama babu:
"Ku maɗinka, in riga ta yage,
yarwa kuke yi ko faci?"
Ba wanda ya ɗaga kai.
Ni dai allura ta soke ni.

Aka fito da benci.
Benci ne kawai, ƙafa ɗaya gajeriya, muka tokare da bulo.
Duk Alhamis bayan la'asar
Sista Talatu na zuwa daga Wusasa,
ba wa'azi ta kawo ba, kunne ta kawo,
da takardar zuwa Shika ga wanda ciwonsa ya yi zurfi.
Liman ya faɗa bayan sallah, murya a sake,
damuwa ciwo ce kamar zazzaɓi, a nemi magani.
Garzali ya hura tsohuwar ƙwallo.
Mu bakwai muka tsaya a ƙofar mai kemis na kan kwana,
ba zagi, ba sanda,
har ya sauke idonsa ƙasa.

Makon farko mu tsofaffi muka ɗumama bencin.
Na biyu, kaza ta haye.
Na huɗu Nazifi ya zo, ya ɗosana a can ƙarshe
kamar mai jiran a kore shi.
Bai ce komai ba sai da aka kusa kiran magariba:
"Baba, takalman nan suna bi na."
Ya yi kukan shekara biyu a kafaɗata,
ya jiƙa mini rigar wani.

Ba zan ce an warke ba.
Ya koma bayan ganuwa sau biyu, muka je muka taho da shi.
Mudi kuwa ba mu cim masa ba,
mun kai shi makwanci da damina,
wurin zamansa a bencin har yau ba mai zama.

Jiya dai zare ya shiga a gwaji na uku.
Ɗinkin ya ɗan karkace wajen aljihu.
Na gani.
Ban warware ba.