Kafin a Zuba Yisti

A Boston ta Lincolnshire, ƙasa shimfiɗe kamar faifai,
kabeji daga nan har inda ido ya gaji,
shingen katako ne tsakanina da Aldona,
shekara saba'in da huɗu, yatsu sun kanannaɗe kamar citta.

Ran Asabar ta ƙwanƙwasa:
"Barmo, tukunyar nan ta fi ƙarfina."
Na ce mata ni fa ba na sha.
Ta ce, "Ɗauka na ce ka yi."

Sha'ir ne. Ta jiƙa shi a bahon wanka,
ta baza a daɓen gareji, ta lulluɓe da tsohon zanen gado,
safe da yamma tana juyawa
har ya fid da farin gemu.
Ta busar, ta ɓarza, ba gari ba, tsaki,
ta kwaɓa da ruwan da yatsa zai shiga
amma ba zai so ya daɗe ba.
Sai jira, har kwaɓin ya yi zaƙi don kansa.

Sannan abin da ban taɓa gani ba:
ta rarraba shi a faranti huɗu, ta tura tanda,
sa'a uku, har samansa ya yi ƙanzo.
Keptinis, in ji ta. Gasasshiya.
A ƙauyensu, gefen Biržai, tanda ta kai rabin ɗaki,
ta nan kuwa sai cin kuɗin mita.

Ƙamshin ne ya shammace ni.

Sai ga Kaka Tabawa a bayan rumbu,
can kudu da Malumfashi,
tana tuƙa tsiron dawa da muciya, hayaƙi na cin idonta.
A gidanmu ba a faɗin sana'arta,
sai dai a ce tsohuwa tana 'yan dabarunta.
Da kuɗin burkutun nan aka sai wa babana
takalmin makaranta na farko.
Ya girma, ya yi gemu, ya daina cin tuwonta.
Ita ko kullum sai ta aiko.

"Kana kuka?"
"Tururi ne."
"To riƙe nan."

Muka ɓantara gashin cikin ganga,
karan alkama a gindinta, shi ne rariya.
Wani fure mai ɗaci ta dafa daban, kamar shayi,
ta tace, ta haɗa.
Ruwan da ya tsatso ja ne, launin zumar da ta kwana biyu.
Ba a tafasa shi.
"Masu tafasawa 'yan birni ne."

Kwalbar yistin na cikin firiji, bayan man shanu.
Ta surukarta ce; da can a rijiya take kwana, ɗaure da igiya.
Cikin safa ta ƙetaro, kwana biyu a bas.
Ɗanta Rimvydas ta gwangwani yake sha.
"Ran da na mutu zai wanke ta ya zuba ƙusoshi."
Ta faɗa ba ɗaci, kamar mai faɗin farashin albasa.

Dokokin ba su da yawa:
ruwa ya huce ya yi ɗumin jiki,
kar a buga ƙofa,
mai fushi ya tsaya a waje.
Kwana biyu, uku, kumfa za ta tashi ta kwanta,
sai a ɗura, a sha kafin wata ya ƙare,
don ba ta iya zaman jira.

Kafin ta buɗe kwalbar ta ɗebo kofi guda,
da ɗumi, da zaƙi, ɗanɗanon ƙanzon tuwo da zuma.
"Wannan bai zama komai ba tukuna," in ji ta.
"Naka ne."

Na sha a tsaye.
Na wanke kofin, na kife.
Na fita a hankali,
na ja ƙofar da hannu biyu.