Takalman Takarda

A wani ƙauye a gaɓar kogin Min,
inda gajimare ke kwana kan gonakin shayi,
Shulan ta naɗe jar takarda
ta yi wa kakanta takalma.
Kwana arba'in da takwas ke nan da rufe shi.
Ta ƙona su a kasko, yadda ake yi,
hayaƙi ya ɗauka, ya kai saƙo.

Tsakar dare aka ƙwanƙwasa taga.
Wani ƙato ne, jiki na mutum, kai na bijimi,
alƙalami a bayan kunne, littafi a hammata.
"Ke ce mai takalman nan?
Duka biyun na ƙafar hagu ne!
Tsohon na can bakin gada ya tare hanya,
ya ƙi shan miya,
matattu dubu uku na bayansa suna tsaki.
Taso, 'yar nan, kafin zakara ya yi cara."

Ta ɗare wuyansa, ta riƙe ƙaho.
Suka zurma ta cikin rijiya,
suka ratsa jajayen furanni marasa ganye,
suka iske rawayan kogi mai gudu ba amo,
fitilun takarda na iyo a kai kamar agwagi.

Ga tsohuwar gada da ludayinta,
tukunya na ɓararraka.
Wanda duk ya kurɓa ya manta sunansa,
ya manta bashi, ya manta ƙofar gidansu,
ya haye a sake haifo shi fes.

Ga kuma Kaka Dehou a kan dutse, ya harɗe.
"Ba takalmi ya tsai da ni ba, Shulan.
Tatsuniyar kifin da ya haɗiye wata,
ai ban ƙarasa miki ba."

"To ƙarasa!"

Ya sosa ƙeya. Ya dubi ƙafarsa.
"Ban san ƙarshenta ba.
Dā ma kullum ina faɗa ne ina ƙagawa.
Tun da na zo nake lalube, ban samo ba."

Shulan ta haɗiye abin da ya tokare mata wuya.
Ta ce, "Shaƙuwa ce ta kama kifin, Kaka.
Duk dare in ya yi hiƙ, ɓalli ɗaya ya fito,
sai a dare na goma sha biyar wata ya cika.
Daga nan kwaɗayi ya dawo,
ya sake gutsura."

Tsohuwa ta saki ludayi.
Bijimi ya buɗe littafi ya rubuta.
Can baya wani mataccen masunci ya tuntsire da dariya,
Kaka kuwa har da dukan cinya.
"Ta fi tawa!" in ji shi. "Miƙo ƙwaryar."

Ya shanye tas. Ya goge baki.
Ya dube ta kamar baƙuwa a kasuwa:
"'Yar wa ce wannan, mai tawada a yatsa?"
Ba ta amsa ba.
Aka ce ya tuɓe takalman, ya ƙi,
bai san dalili ba, ya dai ƙi.
Ya hau gada yana ɗingishi,
hagu, hagu, hagu,
har duhu ya rufe jar takarda.

Da asuba uwarta ta same ta a bakin kasko,
gashin bijimi uku a tafin hannunta,
tana naɗa na dama.