Mutanen Aljihu

Kawu Tanimun bai taɓa ganin wasan ba.
Dilar gwanjo yake kwancewa a Kasuwar Dole
ran Alhamis, tun rana ba ta hau duwatsun Birni ba,
kuma kafin ya rataye kowane kwat
sai ya zura hannu aljihu, kamar mai laluben ƙwai a akurki.

Yawanci ba komai. Tsinken sakace, maɓalli, tikitin motar wani gari.
Wata shekara, cikin wata riga mai warin jirgin ruwa,
ya ciro mutum.
Ɗan kwali ne, bai cika tafin hannu ba:
Bature da hula mai baki, ya saɓa kulki a kafaɗa,
yana hararar wani abu da bai shiga hoton ba.
Kawu ya ce, "Gardi ne wannan, kura yake jira."

Shekara ashirin da bakwai, mutum sittin da ɗaya.
Wasu daga aljihu, wasu daga hannun yaran Zango,
ɗaya kuwa agogonsa ya bayar a kai,
Inna Barira ta kwana uku ba ta ce masa sannu ba.
Gwangwanin madara ne gidansu,
kowa a naɗe da takardar siminti,
da ganyen bedi a ƙasa saboda gara.

Ya raɗa musu suna: Bahago, Ɗan Kunne, Na-Tsugune
mai ƙarfe a fuska kamar takunkumin raƙumi.
Baƙin nan mai wushirya, ya ce namu ne,
"Ku dubi goshin, sai ka rantse ɗan Mirriya."
Lambobin da ke bayan katin ya kai wa mushen lakwal,
mushe ya juya, ya sake juyawa,
ya ce wannan lissafin bai biyo ta ajinsa ba.

Daga baya akwatin ya zo, a gindin wata dila,
murfi ya saɓule, kusurwa ta sha ruwa.
Allon kwali, koren fili da damina ba ta taɓa ba mu irinsa ba,
tasha huɗu, da kibiyar ƙarfe mai juyawa da ƙara.
'Ya'yan wasan sun zube a hanya.
Kawu ya cike gurbinsu da ƙwallon dabino,
ya aro rabin dokar dara, ya ƙaga sauran.
Na ce, "Kawu, ta ina ka san haka ake yi?"
Ya kama yatsana ya bi da shi inda fenti ya koɗe,
inda yatsun wasu yara suka riga mu wucewa.
"Sawu ba ya ƙarya. Nan ake fita. Nan ake dawowa."

Wani ya zo daga Yamai da waya mai ido uku,
ya daɗe a kan Bahago, ya taya jikka ɗari biyu.
Kawu ya zuba masa shayi, ya ce,
"Na ji. Amma me yake shirin jefawa, kuma wa?"
Mutumin bai sani ba. Farashi kawai ya sani.
Murfin gwangwani ya koma.

Bara muka kai Kawu.
An raba dila, an raba keken ɗinki,
gwangwani da akwati ba wanda ya miƙa hannu, suka zo ɗakina.
Jiya da dare, ina jiran famfo ya kawo ruwa,
na nemi wasan a wayata.
Wani ya jefa, wani ya maka, ya yar da kulki,
ya ruga tasha ta fari, ta biyu, ta uku,
ya zo da ciki a ƙasa, ƙura har baki,
daidai inda fentin ya koɗe.

Na ɗauko allon. Ƙwallon dabino ɗaya ya ɓata.
Na ci wani, na lashe, na sa.