Abin da Biro Bai Rubuta Ba

A Jepara, da ruwan la'asar ya ɗauke,
ma'aikacin banki ya zo da biro da takarda.
Ya ƙirga zarto, ya auna rumfa,
ya ƙwanƙwasa tarin katako,
ya rubuta: jingina ta isa.

Bai rubuta Darmaji ba,
tsohon da ke kusurwa da kofin shayi,
shekara arba'in da ɗaya yana sassaƙa,
mai sansana itace ya ce, wannan da saura.

Wulandari ta sa hannu.
Injin ya iso, ya fi ƙofa faɗi,
sai da aka fasa bango.
Kujera goma a wuni, aikin mako biyu a da.
Daren nan ta yi barci,
na farko tun rasuwar mahaifinta.

Wata na uku, can ƙasar sanyi,
ƙafafun kujeru suka fara tsagewa.
Waya ba ta huta ba.
Bashi kuwa bai san uzuri ba.

Darmaji bai ce uffan ba.
Ya raba katako gida biyu da tafin hannu:
wannan na injin, wancan ya ƙara shan iska.
Jikarsa Sekar na gefe,
tana zuba abin da ya sani cikin kwamfuta.

Mai saye ya yi haƙuri ya dawo,
don sunan gidan bai taɓa cin amanarsa ba.

Bana ma'aikata ashirin da uku.
Mutumin banki ya sake leƙowa,
ya shafa injin, ya ce, ga sirrin!

Darmaji na hura shayinsa.