Abin da Ke Gindin Kwalba

Ranar Talata ya iso,
cikin kwali mai hayaƙin ƙanƙara.
Ya kwana biyu a hannun kwastan a Akara,
ya hau mota ya ratso Nkawkaw,
ni na sa hannu na karɓa a Kumasi.
Kwali ya kai na talabijin.
Da na buɗe, kwalba ce da ba ta kai ɗan yatsana ba,
a gindinta wani farin abu
kamar gishirin da ya maƙale a bayan cokali.

Dokta Boakyewaa ta ce,
"Kada ka yi atishawa, Mujitaba,
albashinka na wata huɗu ne a hannunka."

Ta zana mini shi a bayan rasit:
igiya biyu, ƙulli uku.
Ta ce dangin insulin ne,
ɗan wa da ɗan ƙani,
hanci ɗaya, sana'a daban.
Wancan shi ke buɗe wa sukari ƙofa.
Wannan kuwa ɗan aike ne a unguwar haihuwa,
yana yawo da wasiƙar
da har yau ba mu gama karantawa ba.

Na ce, daga jikin wa aka ɗebo shi?
Ta ce, "Ba kowa.
Layi ɗaya aka kwafo daga littafin jikin mutum,
aka ba ƙwayoyin hanji su haddace.
Suna can cikin tulun ƙarfe suna maimaitawa,
ba dare ba rana,
ba su san me suke faɗa ba."
Na yi shiru.
Na san mutane irin haka.

Daren Alhamis wuta ta ɗauke.
Janareta ya yi tari biyu ya kwanta.
Na tsaya gaban firiza da fitilar waya
ina kallon sanyi yana gudu:
ashirin, sha takwas, sha biyar.
Ban jira sha huɗu ba.
Na naɗe kwalbar a sauran ƙanƙara,
na tari mai ƙafa uku zuwa Ayigya,
na buga ƙofar Maame Serwaa mai ɗakin sanyi
har karen maƙwabta ya sa baki.
Ta fito da ɗaurin ƙirji tana faɗa da Asantanci,
ta karɓa, ba ta tambaya ba,
ta cusa shi tsakanin katan ɗin kifi da ƙafar kaza.

A kan bencinta nake, sauro na cin rabonsa,
sai ga wayar Yaya Sakinatu daga Aboabo.
Ƙarfe uku take tashi ta ɗora tukunyar wake da shinkafa,
kafin nan ta soka allura a cinya,
shekara shida ke nan.
Aure kuma shekara goma sha ɗaya,
zanen goyo yana ƙasan akwati da ƙanshin kafur.

Ta ce, "An ce kun samo maganin haihuwa."
Na ce, Yaya, a jikinsa an rubuta
don bincike kawai.
Ba na mutum ba ne tukuna.
Ƙwayoyin halitta za a ɗiga wa a faranti,
daga nan sai ɓeraye.
Na ji ta tana hura wuta.
Ta ce, "Ashe ɓera ya fi ni gata."
Ta yi dariya, hayaƙi ya sarƙe ta.
"In sun haihu, ka gayyace ni suna."

Da asuba wuta ta dawo.
Na mai da shi yana ƙarnin kifi.
Dokta ta shinshina, ta dube ni, ba ta ce komai ba.
Ta ɗiga masa ruwa a hankali, ta juya kwalbar,
farin ya ɓace.
Na ɗaga ta saitin taga,
ruwa ne kawai, sai fuskata a karkace.

Muka raba shi gida ashirin.
Ni na rubuta kwanan wata a kan kowace,
hannuna yana rawa don rashin barci,
bakwai ɗina ta yi kama da ɗaya.