Dubu Hamsin da Biyu

Goggo nake ce mata.
Baƙar akwati ce, gefe ɗaya babu murfi.
Na saye ta hannun wani ɗalibi a Gwallameji
ranar da kuɗin haya ya shaƙe masa wuya.
In na kunna ta sai ta yi gyaran murya
kamar mai shirin yi wa jika faɗa,
fankarta na gurnanin injin markaɗe.

Muna buga ƙwallo, ɗan wasana ya ɗaga ƙafa,
hoto ya daskare.
Kafin ya narke an zura mini biyu.
Bappayo ya kwanta kan tabarma, ya riƙe ciki:
"Wannan golan naka sai an aika masa wasiƙa!"

Wata bakwai ina taka keken ɗinki a Jahun.
Kowane wando, ɗari biyu cikin gwangwanin madara.
Masar safe na rage daga shida zuwa huɗu,
mai masa ta tambaya ko ba ni da lafiya.
Ranar da na zazzage gwangwani kan katifa
dubu hamsin da biyu ne,
har da wata ɗari biyar da aka ɗinke da salatif.

A Wunti, cikin gilashin shagon Ishaya,
katin hoto na kwance, fanka biyu,
kamar idon mujiya.
Na nuna shi da baki, don yatsa ya ji kunya.
"Ɗari da ashirin," in ji shi, bai ɗago ba.
"Na belin ne, amma bai sha wuya ba."

Ya buɗe cikin Goggo, ya hura,
ya yi tari, ya share hanci da bayan hannu.
"Ko kyauta na ba ka, ina zai ci abinci?
Tukunyar wutarka ta ɗan gwauro ce.
Ka kawo babban baƙo, gidan ya ƙone."

Ban zo Wunti don sayen abin da ba a gani ba.
Wa zai shigo ɗaki ya yaba wa akwatin wuta?
Na yi shiru. Na ƙirga a zuci. Na sake ƙirgawa,
ko lissafi zai ji tausayi.
Bai ji ba.

Akwatin wuta, ashirin da biyar.
Sandar ram guda, sha takwas, bayan ciniki
har sai da na ambaci sunan kakarsa.
Ɗan man shafa wa ƙwaƙwalwa, kalar toka, dubu biyu.
Biyar na ajiye kan gilashi:
"Kafin alƙalami ne. Kar ka sayar da mujiyar nan."
Ya yi dariya, amma ya rubuta sunana.

Da magariba na durƙusa da sukundireba,
Suwaiba na haska mini da waya.
Sandar ta shiga, ta ce ƙas,
ƙarar da ta fi kiɗan kalangu daɗi.
Na miƙa yatsa zan danna,
aka ɗauke wuta.

Ƙarfe biyu da kwata na dare ta dawo.
Unguwa na barci, ba wanda ya yi ihun murna.
Goggo ta tashi ba tari, ba mita.
Ciyawar filin dai har yanzu kamar fenti,
fuskokin 'yan kallo kamar ƙullin kwali,
amma ƙwallo ta taso daga kusurwa,
golana ya yi tsalle
a kan lokaci.

Na kira Bappayo, bai ɗauka ba.
Na ɗauko gwangwani, na buga shi a tafin hannu,
babu komai ciki sai ƙamshin tsohon kuɗi.
Gobe akwai wando uku da gyaran zif.